Kafin Shiru Ya Cika

Ranar Laraba da hantsi aka sa yarjejeniyar a shiru.

Haka muke faɗa a gidan Tarayya. Idan jayayya ta ishi kowa a kan wata takarda, sai shugaban zama ya aika wa wakilan ƙasashe, ya ce daga yanzu zuwa lokaci kaza duk wanda bai ce uffan ba ya yarda ke nan. Lokaci na cika, takarda ta zama doka a kan kowa. Amma ko ƙasa ɗaya ce ta aiko da layi guda ta ce ba ta yarda ba, an karya shiru, sai a koma teburi. A wannan karon wa'adin tsakar ranar Juma'a ne.

A tsaye na karanta ta, kofi yana hucewa a hannuna. Sunana Nadya Falzon, sufeton 'yan sanda ce ni, an aro ni daga gida in riƙa zama a kujerar tsibirinmu a kwamitin yaƙi da ta'addanci a Brussels. Na tsallake gabatarwa, na tsallake yabon juna, na tafi kai tsaye wurin sakin layin da na yi wata da watanni ina kare shi kamar kaza da 'ya'yanta. Babu shi. An share, an matso da na ƙasansa sama, ko tabo bai bari ba.

Yarjejeniyar ba ta da wuyar ganewa. Tarayya za ta gina rumbu guda na sunayen duk wanda aka taɓa gani yana hulɗa da waɗanda ake zargi da ta'addanci, kowace ƙasa ta zuba nata, sannan a miƙa wa Ƙawa makulli ita ma ta riƙa leƙawa. Ƙawa muke ce wa babbar ƙasar nan da ke kudu da mu, a ƙetaren teku, wadda Tarayya ke lallaɓawa don ta tsare gaɓarta. Sakin layin nawa cewa ya yi kowace ƙasa tana da ikon riƙe sunan mutumin da ke yi mata aiki a ɓoye. Ƙawa ta ce ko a ba ta duka ko a bar maganar. Aka ba ta duka.

Ni kuma ina da Lutfi.

Bakaniken injin jiragen ruwa ne a tasharmu, haifaffen Ƙawa, ya auri 'yar tsibirinmu. Lokacin da nake aiki a tashar, da ƙafarsa ya zo wurina, don ya ɗaga katakon wani jirgin kamun kifi ya tarar da abin da ba kifi ba. Daga nan ya zama kunnenmu. Da labaransa muka kama mutanen da ke shigo da makamai wa ƙungiyar da ta tayar da bam a wata tashar jirgin ƙasa can arewa. Duk wanda ya saba cin abincin rana a garejinsa yana kurkuku yanzu. Shi kaɗai ne a waje.

A takardunmu, da na wasu ƙasashe biyu da suka ɗauki hotonsa tare da mutanen, sunansa yana nan a matsayin abokin hulɗarsu. Duk wanda ya buɗe rumbun zai ga jerin maza a ɗaure, ɗaya yana yawonsa yana gyaran inji. Ko yaro ya san wanda ya yi magana. Hukumar tsaron Ƙawa kuwa kwando ce, abin da ka zuba da safe kafin yamma yana kasuwa. Mahaifiyar Lutfi da ƙannensa mata biyu suna can, unguwarsu ɗaya da dangin waɗanda ya sa aka ɗaure. In na share sunansa daga namu, yana nan a na waɗancan ƙasashe biyun. In na sa masa alamar cewa namu ne, na yanka shi da hannuna.

Na ajiye kofin na hau bene wurin Jakada Bonello.

Na same shi yana cin pastizzi, ɗan gasasshen fulawar tsibirinmu mai cuku, irin wanda matarsa ke sa a kawo musu daga gida a daskare. Ƙaton mutum ne mai sanyin murya, ya tsufa a aikin jakadanci ba a taɓa buga maganarsa a jarida ba, kuma da wannan yake alfahari. Ya saurare ni har na gama, yana kakkaɓe ɓurɓushi daga ƙirjinsa.

"Sufeto, kin taɓa ganin ƙasa mai girman tamu ta karya shiru?"

"Na ga dokar da ta ce muna iya yi, ranka ya daɗe."

"Doka ta ce ina iya shiga gasar tsere. Dubi cikina."

Ban yi dariya ba, shi ma bai jira ba. Ya ce manyan ƙasashe sun yi shekara guda suna ƙera wannan takarda, kuma mutanen da bam ya kashe nasu ne, ba namu ba. Ya ce wata mai zuwa za a yanke shawarar jiragen sintiri biyu da muke roƙo, kuma masu yanke ta su ne suka rubuta yarjejeniyar. Ya ce ministanmu na gida bai aiko da umarni ba, jakadan da ba shi da umarni kuwa bakinsa na cin abinci ne kawai. Da ya ga ban motsa ba sai ya naɗe takardar pastizzin, ya jefa a kwandon shara.

"Samo mini wanda zai fara. In wani ya karya, ni ne na biyu, tun tawadarsa ba ta bushe ba."

Na fita farauta.

Duarte na fara samu, takwarana na wata ƙasa da ke can ƙarshen yamma, yana fake da ƙofar baya yana shan sigari, yayyafi na jiƙa masa takalma. Ban faɗa masa suna ba, bai kuma tambaya ba. Ya ce su ma suna da irin nawa, ba ɗaya ba, ba biyu ba.

"To ku karya mana," na ce.

"'Yar uwa, ku karya. Za mu mara muku baya."

"Kai da bakinka ka ce naku sun fi namu yawa."

"Shi ya sa. In muka ɗaga hannu kowa zai tambaya me muke ɓoyewa. Ku kuwa wa ke kallonku? A taswira ma sai an sa tabarau."

Daga nan na je wurin Ilze, 'yar wata ƙasar arewa, mace mai magana ɗaya. Ta rufe ƙofar ofishinta ta ce sakin layin daidai ne, cire shi ganganci ne. Ta ce ƙarshen wata shugabancin zama zai dawo hannun ƙasarsu, kuma da takardar za ta kai lokacin ba ta zama doka ba, da sun mayar da shi ranar farko. Sai ta ƙara da cewa saboda haka ne ma ba za su iya karyawa yanzu ba, mai jiran gado ba ya kunyata wanda ke kan kujera. Amma in muka karya, za su mara mana baya.

Kafin la'asar na tara ƙasashe biyar a bayanmu. Gabanmu kuwa fili fetal.

Alhamis na wuni a kan waya. Kwamishina Mifsud, shugabana a gida, ya san Lutfi, ya san kome, ya yi ta zagin Tarayya da duk wanda ya haife ta, sannan ya ce zai nemi minista. Minista yana zagayen ƙauyuka, lokacin bukukuwan waliyyai ne, yana bin bayan 'yan badujala yana sumbatar jarirai. Da yamma amsa ta zo ta bakin sakatarensa: a bi ra'ayin jama'a. Na tambayi Mifsud wace jama'a. Ya ce wadda ta yi shiru.

Na daɗe ina kallon wayar kafin na kira Lutfi. Yadda muka saba, na ce ina tambayar injin jirgin kawuna. Na ji ya fita daga garejin, ƙarar guduma ta ragu, kukan tsuntsayen teku ya ƙaru. Ya fara da tsiya kamar kullum, wai ya ji an ce a Brussels ruwan sama ya wanke mini launi na koma kamar dafaffen kifi. Ya ba ni labarin Rima, 'yarsa, ta shiga makaranta, ta dawo ta ce malamarsu ba ta iya ɗaure igiyar jirgi ba, me za ta koya mata. Yana cikin dariya ya tsaya.

"Sufeto, muryarki kamar injin da ya sha ruwa."

Na ce akwai hadari a sama, ban sani ba ko zai sauko.

"A kaina ko a kan tsohuwa?"

"Ina kan aiki, Lutfi."

Ya ce to, Allah ya taimaka, yana da kwastoma yana jira. Bai sake wata tsokana ba.

Safiyar Juma'a na zo ofis da wuri ba don ina da abin yi ba. Na sake buɗe takardar, ina kallonta kamar mai neman ƙofa a jikin bango. A saman shafin farko akwai jerin 'yan haruffa da ke nuna harsunan da aka fitar da ita. Na bi su da yatsa, don dai hannuna ya sami aiki. Babu namu.

Ba abin mamaki ba ne. Harshenmu yana cikin harsunan Tarayya, kuma doka ta ce ba a ɗaure ƙasa da takardar da ba a ba ta da harshenta ba, in dai ta nema. Mu ba mu taɓa nema ba. Da Ingilishi muke faɗa, da shi muke shiryawa, kullum jakada yakan sa hannu ya ce mun yafe, a kawo fassarar daga baya. Na duba. A cikin gaggawar ranar Laraba babu wanda ya kawo masa takardar yafewar, bai sa hannu ba.

Ban san lokacin da na hau benen ba.

Jakada ya saurare ni, a hankali fuskarsa ta fara washewa kamar an ɗaga labule. Neman fassara ba karya shiru ba ne. Agogo ne kawai zai tsaya har a fitar da ita. Ba mu ce a'a ba, ba mu ce i ba, babu wanda zai ce mun yi wa manya tsaurin ido.

"Wannan ai kishin harshe ne," ya ce, yana murza hannuwa. "Wa zai hana ƙaramar ƙasa son harshen kakanninta?"

Na tambaye shi ko yana ganin fassarar za ta kai ƙarshen wata. Ya ce ofishin fassara ko katin gaisuwa ka ba su sai ya ga sabon wata, balle yarjejeniya mai kauri haka. Da bakinsa ya tsara saƙon, zaƙi kamar zuma, cike da ban haƙuri da girmamawa. Aka aika. Ba a jima ba sakatariyar Tarayya ta amsa wa ƙasashe duka: bisa buƙatar wata ƙasa, an dakatar da shiru har a ɗora fassarar. Wayar jakada ta hau ruri. Na ji muryar wani babban jakada tana fita daga cikinta kamar ana soya albasa, namu kuma yana ta cewa wallahi shi ma bai so ba, majalisar gida ce ke matsa masa a kan harshe. Duarte ya aiko mini da hoton kwalbar giya. Ilze ta aiko da kalma ɗaya: madalla.

Na koma ofishina na zauna. Sai a lokacin na lura tun jiya ban ci kome ba. Na sayo soyayyen dankali a bakin titi, ina ci ina lissafin yadda za mu mayar da sakin layin ranar da su Ilze suka hau kujera.

Ban kai rabi ba sakatariyar jakada ta leƙo ta ce in zo, mun yi baƙo.

Kawu Wenzu ne. Duk ɗan tsibirinmu da ke Brussels haka yake kiransa. Lauya ne kuma mai fassara, ma'aikacin Tarayya ne ba namu ba, shi ke juya dokoki zuwa harshenmu tun ranar da muka shiga, ya kusa ritaya. A duk bikin ranar ƙasa sai ya tare mutum a lungu ya yi masa ƙorafin cewa shekara da shekaru yana rubutun da ko ɓera ba ya karantawa. Yau har ya ɗaura taye a wuya. Laimarsa na ɗiga a kan kafet ɗin jakada, ya rungume wata jaka a ƙirji kamar jariri, idanunsa sun yi rau-rau.

"Ranka ya daɗe, da aka ce mini kun nema, na ce a maimaita. Na ɗauka tsokanata ake yi."

Jakada ya ce ai ba gaggawa, ya bi a hankali, aikin doka ba ya son garaje.

"Wace gaggawa? Tun daren Laraba na gama." Ya dube ni yana murmushi. "Kullum ina gamawa, ɗiyata. Ku ne ba kwa tambaya, shi ya sa ba sa damuwa su ɗora sai bayan an wuce wurin. Yau kuwa na tsaya a kan shugaban sashenmu sai da ya buga hatimi a gabana. Na ce ƙasata ba za ta jira ko na awa ɗaya ba."

"An ɗora?" na ce.

"Da idona na gani. Wannan kwafin farko ne, na ce sai na kawo da hannuna."

Ya buɗe jakar ya shimfiɗa takardun a teburin. Ya ce mu duba yadda ya fassara rumbu. Wai ya ƙi aron kalmar Ingilishi, ya tono wata tsohuwa, sunan ɗakin ƙasa da masunta ke ajiye kifi mai gishiri a zamanin kakarsa. Ya faɗe ta sau biyu, a hankali, yana jin daɗinta a baki. Kalma ce mai kyau ƙwarai. Jakada ya miƙe ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya yi masa godiya a madadin ƙasa, ya raka shi har bakin bene. Ni dai na kasa buɗe baki. Kawu Wenzu ya ɗauka daɗi ne ya kama ni, ya dafa kafaɗata ya ce ya sani, shi ma haka ya ji.

Kafin jakada ya dawo kujerarsa saƙon sakatariyar Tarayya ya shigo. Tunda fassara ta samu kafin lokaci ya cika, shiru ya ci gaba, wa'adi yana nan inda yake. Rana ta kusa take tsaka.

Na kira Duarte, bai ɗauka ba. Na kira Ilze, ta ce ta yi baƙin ciki, suna nan a bayanmu. Na kira Mifsud, ya ce minista yana cikin coci. Na ajiye wayar na dubi jakada. Na ce masa akwatin saƙon ofishin nan ni ma ina da ikon shiga, layi ɗaya ne, zan iya rubutawa da kaina in ce shi bai sani ba.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce in na yi haka, kafin in tashi daga kujera zai aika ya ce kuskuren na'ura ne, a janye, domin ba shi da zaɓi. Gobe a sa ni a jirgi, jibi a karɓe mini kaki.

"Sannan mutumin naki wa ya rage masa? Ni ko sunansa ban sani ba. Zauna, Nadya."

Bai taɓa kiran sunana ba sai ran nan. Na zauna. Muka yi ta kallon takardun Kawu Wenzu a kan teburi, ruwa na bugun taga. Can ƙararrawar cocin da ke bayan ofishinmu ta fara kaɗawa. Ba ta gama ba saƙon taya murna ya shigo, shugaban zama yana gode wa kowa bisa haɗin kai.

Mifsud ne ya kira da la'asar. Ya ce tsakiyar mako mai zuwa za a fara zuba sunaye, Ƙawa kuma ta riga ta turo mutanenta su koyi buɗe rumbun. Ya ce in hau jirgin safe. Ya ce yana da hanyoyi biyu, babu mai daɗi, kuma ba shi zai faɗa wa Lutfi ba.

Ranar Asabar bayan azahar na isa tashar. Zafi, warin gishiri da man dizal. Na bi ta bayan rumfunan raga na shiga garejin ta ƙaramar ƙofa. Lutfi shi kaɗai ne, ya tura rabin jikinsa cikin wani inji. Ya ɗago ya gan ni, ya ɗauki tsumma ya fara goge hannu, yatsa bayan yatsa.

"Hadarin ya sauko ke nan."

Na faɗa masa kome, ban rage ba. Sannan na faɗa masa hanyoyin. Ta farko, mu ɗauke shi da Pawlina matarsa da Rima, mu kai su wata ƙasar arewa da sabon suna. Su za su tsira. Amma ɓacewarsa kanta shaida ce, kuma hannunmu ba ya kaiwa unguwar mahaifiyarsa. Ta biyu, mu kama shi. Kamu na gaske, tuhuma ta gaske, domin ai shi ya gyara jiragen nan, akwai hotuna. Ba za a gaya wa mai gabatar da ƙara ba, ba za a gaya wa alƙali ba, saboda takardun kotu su ma rumbun za su shiga. Duk wanda ya leƙa zai ga jerin maza a ɗaure, har da shi, na ƙarshe da ya zo hannu.

Ya zauna a kan wata jarka. Ya tambaye ni shekara nawa. Na ce ban sani ba, lauyan da Mifsud ya tuntuɓa a kaikaice ya ce huɗu, ko biyar, in alƙali ya tashi da ƙafar dama. Ya tambaya ko Pawlina za ta iya sani. Na ce ba yanzu ba, za a sa mata ido, kukanta sai ya zama na gaske.

"Kai, Sufeto. Na kama muku 'yan ta'adda, ladana in zama ɗaya."

Sai ya ɗago ya dube ni.

"Su waɗancan na Brussels ɗin, da suka yanke, me suka ce?"

"Ba su ce kome ba."

Ya yi 'yar dariya ta hanci, ya ɗauka wasa nake yi. Ya daɗe yana kallon ƙofar garejin, inda rana ke faɗowa a kan ruwa. Ya ce tsohuwa ba ta taɓa fita daga unguwar nan ba, a gidan aka haife ta, ko da bindiga ba za ta tashi ba. Ya ce ƙaramar ƙanwarsa tana da ciki. Sai ya miƙe ya jefar da tsumman.

"Ranar Litinin da safe, lokacin da kasuwar kifi ta cika. Ku zo da jiniya, motoci da yawa. Rima tana makaranta a lokacin. Kuma ki sa ɗaya daga cikin yaranki ya mare ni a gaban Salvu mai kifi, shi ne rediyon tashar nan, kafin azahar labari ya ƙetare teku."

Na ce ba sai an kai ga mari ba.

"Ke kin san aikinki, ni na san mutanena. A mare ni." Ya juya ga injin. "Yanzu ki tafi. Na yi wa mai wannan alkawarin gobe, ba na son a ce ɗan ta'adda ya gudu da aikin mutane."

Ranar Litinin na zo da motoci huɗu. Yaran da na zo da su ba su san kome ba, sun ɗauka babban kifi suka kama, ba sai da na ce a mare shi ba. Suka fito da shi ta tsakiyar kasuwa, leɓensa na jini, yana zagina da harshensu da namu, zagin da ban taɓa sanin ya iya ba. Salvu ya bar kifi a kan sikeli ya ciro waya. Pawlina ta iso da gudu daga shagon da take aiki, takalmi ɗaya a ƙafa. Ta san ni, na taɓa cin abinci a gidanta a matsayin mai kawo gyaran jirgi. Ta ratsa 'yan sanda ta tsaya a gabana, ta tofa mini yawu a kaki. Na bar shi a wurin har muka isa ofis.

Alƙali ya ba shi shekara biyar.

Ni na koma Brussels, kujerata na nan. Jiragen sintirin sun iso, an yi biki. Kawu Wenzu ya yi ritaya, a liyafar sallamarsa ya ambaci sunana.

Wajen ƙarshen kaka na je gida hutu, na nemi ganin fursunan da sunan ƙarin tambayoyi. Aka kawo shi ɗakin da babu kowa, ya rame, an aske masa kai. Ya jira mai gadi ya rufe ƙofa. Ya ce Pawlina ta daina zuwa, ta ce wa Rima babanta ya tafi aiki a babban jirgi. Ya faɗi haka yana kallon teburi. Sannan ya ce ƙanwarsa ta haihu, namiji, an sami hanyar aiko masa da saƙo.

"Tsohuwa fa?" na ce.

"Lafiyarta ƙalau. Tun da aka ji an ɗaure ni, matan unguwa ba su bar ta ta ɗora tukunya ba. Uwayen waɗancan da na sa aka ɗaure ne ke kai mata abinci, yau wannan gobe waccan." Ya shafa kansa. "Wai har ta yi ƙiba."

Mai gadi ya ƙwanƙwasa ƙofa. Lutfi ya miƙe, ya haɗe fuska, ya fara zagina tun kafin a buɗe.